Nau'in da Sai-Ni Ya Zaɓa

A kamfanin nan mai ajiye wa mutane shafukan intanet, Sai-Ni ake ce masa, don duk matsalar da ta taso amsarsa ɗaya ce: "Ku matsa, wannan sai ni." Mutum ne busasshe, mai baƙin rai, kujerarsa a bakin ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da shafukan kwastomomi ke zaune a kansu tare. Yana saurayi aka taɓa sallamarsa daga wani aiki, aka ce abin da yake yi kowa ma zai iya. Maganar nan ba ta taɓa barin ransa ba.

Da aka sayo sababbin saba, Manaja ya tara ma'aikata a zaɓi nau'in Linux, wato manhajar da ke tafiyar da saba, da za a ɗora musu. Injiniya, wata mata da ba ta daɗe da zuwa ba, ta ce a ɗauki wanda kowa ya sani, wanda ake kula da shi shekara da shekaru, ko mutum ɗaya ba ya nan wani ya riƙe. Sai-Ni ya ji kalmar "wani" kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Na gama-gari?" in ji shi. "Wanda kowane ɗan koyo ke jagwalgwalawa? Malama, jiya-jiya kika zo, ki kama kanki."

Ya kawo nasa, wani nau'i da ko sunansa ba wanda ya taɓa ji. Ya yi ta zuba, wai ya fi sauri, wai ɓarayin intanet ba su san hanyarsa ba. Manaja, da bai san komai ba sai tsoron hayaniya, ya ce to. Sai-Ni ya ɗora abinsa, ya murɗe nan, ya toshe can, bai rubuta ko layi ɗaya ba. In Injiniya ta leƙo, sai ya juya allon kwamfutarsa. Ranar da ta tambaye shi inda ya ɓoye saitin, cewa ya yi, "Ba a makaranta kika koya ba?" Daɗi yake ji, wallahi, har ƙiba ya yi.

Wata safiya yayarsa ta kira daga asibiti: jikin Inna ya tsananta, tana nemansa. Ya ɗauki makullin mota ke nan, wayoyin ofis suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Wata sabuntawar manhaja ta shiga saba ta rikita su, shafukan mutane duk sun mutu.

"Ka tafi," in ji Injiniya. "Gaya min inda zan taɓa."

Ya buɗe baki, ya rasa ta ina zai fara. Abin da ya ƙulla shi kaɗai ba ya faɗuwa a tsaye. Manaja ya tare ƙofa yana gumi.

"Ina za ka? Kai ka kawo mana wannan jaraba!"

Ya zauna, wai yanzun nan zai gama. Rana ta take, ta karkata, waya na ta zillo a aljihunsa yana kashewa. Sai da shafi na ƙarshe ya tashi sannan ya ɗauka.

"Yaya, ga ni nan tafe."

"Kada ka wahalar da kanka da gudu," ta ce. "Inna ta cika. Ta yi ta kallon ƙofa. Ta ce ba wanda zai riƙe maka ne? Na ce mata babu, Inna, aikin sai shi."