Gwaggo da ayabar ɗakin jira

Gwaggona, ƙanwar babana, ta yi shekara goma sha tara tana shara a wani ofis mai hawa uku. Gajeriya ce, mai ƙaramar murya, kuma ba ta rabo da tsumma a kafaɗa. A lambun kakanmu ta tashi, cikin ayaba, amma a ofishin babu wanda ya san haka sai shekarar da aka yi sabon manaja.

Manajan mai son ƙawa ne. Ya sa aka kawo ayaba huɗu a manyan tukwane aka jera a ɗakin jira. Wata biyu suna sheƙi. A na uku ganyen ya fara rawaya, gefensa yana bushewa kamar an gifta masa wuta. Manaja ya ce ƙishi ne, a ƙara ruwa. Aka ƙara, abin ya daɗa lalacewa. Wata safiya ya tsaya a gabansu, hannu a ƙugu, ya ce wa mai gadi ya kwashe su ya kai bola.

Gwaggo tana goge teburin kusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ciwo ɗaya ke damunsu ba."

Ya waiwayo. "Baba, kin san kan ayaba ne?"

"Na ɗan sani. A ba ni mako uku."

Ta kama ganyen wadda ke bakin taga ta juya bayansa, ta shafa da farin ƙyalle ta nuna masa. Ƙyallen ya yi ɗigo-ɗigon ja. Ta ce wasu ƙananan ƙwari ne, ba su kai kan allura ba, suna tsotse ganyen ta ƙasa, ga ma siririyar saƙarsu a jikin jijiyar ganyen. Manaja ya sa tabarau, ya sunkuya, ya ga abin yana motsi, ya ja da baya.

Ta biyun ba ta da ƙwaro ko ɗaya. Iskar na'urar sanyaya ɗaki ce ke dukanta tun safe har yamma, shi ya sa gefen ganyen ya ƙone. Ta ukun kuwa lafiyarta lau, tsofaffin ganyayen ƙasa ne kawai suka yi rawaya. Gwaggo ta ce, "Wannan tsufa ne, ranka ya daɗe. Da yana da magani da ni na fara sha."

A kan ta huɗun ta daɗe. Ta cusa yatsa cikin ƙasar, ta zaro, ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ita da mai gadi suka kwantar da tukunyar suka zare shukar. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari. Tukunyar ba ta da huda a gindi, ruwa ya kwanta a ciki. Amma warin ba na ruwa kaɗai ba ne, akwai tsamin madara. Ta ɗago ta dubi mai gadi. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai a nan yake juye ragowar shayinsa kullum, a ganinsa abin da ya gina mutum ba zai cuci ayaba ba.

"Kai da ka sha shekara da shekaru," in ji Gwaggo, "ina ganyenka?"

Tun daga ranar, in ta gama shara sai ta dama sabulu kaɗan a ruwa, ta bi ganyen mai ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, ciki da baya, bayan kwana uku ta maimaita. Ta ware ta a lungu don kada ta shafa wa sauran. Ta janye ta biyun daga bakin na'urar. Ta sa aka huda gindin tukwanen duka, ta kuma hana kowa ba su ruwa sai in yatsa ya shiga ƙasar ya fito a bushe.

Uku suka tsira. Ta huɗun ta mutu duk da yanke ruɓaɓɓiyar saiwar da ta yi, kuma abin ya taɓa ta, don ranar ko abincin rana ba ta ci ba. Sai dai ta ciro wani ɗan tsiro a gindinta ta dasa a bokitin fenti, ya kama.

Manaja ya ɗauke mata sharar hawa na uku, ya damƙa mata duk shukar ginin. Gwiwarta ta huta, amma ta ce an raba ta da hirar mutanen sama. Ma'aikata suka riƙa kawo mata ganye a leda daga gidajensu, ta duba ta faɗi abin da ta gani. In ba ta gane ba sai ta ce ba ta gane ba.

Bara ta ajiye aiki. Tana da ayaba ɗaya a falonta, ganyenta kore shar, har ya kusa taɓa rufi. Mijinta yakan ce shekara shida yana ciyar da baƙuwar nan, ko ɗa ɗaya ba ta ba shi ya ɗanɗana ba. Gwaggo takan ce ya matsar da kujerarsa, yana tare wa ayabar haske.