Kwalba Mai Hoton Ƙato

Har yau in na ji ƙamshin kifin banda, ba kifin nake tunawa ba, ƙirjin ɗan kawuna nake tunawa.

Sa'o'in juna ne mu, muna tashen samartaka a shekarun da naira ta shigo. Ni aka sa a makarantar boko cikin Haɗejiya, shi kuwa yana bin kawu kamun kifi a kogi. Tuƙin kwale-kwale da jan taru suka buɗa masa kafaɗu. Idan ruwa ya janye daga fadama muka je wanka, sai ya tuɓe riga, 'yan matan da ke wanke-wanke su bi shi da kallo. Ni da rigata nake shiga ruwa, don haƙarƙarina ana iya ƙirga su daga tsallake. Taubashina ne, yana da damar tsokanata, Sillen Kara yake kirana. Sai dai in yi dariyar yaƙe.

Wata ranar kasuwa wani mai magani ya zo daga Kano da kwalabe, kowace da hoton wani ƙato ya murɗe damtse. Garin magani ne ruwan ƙasa-ƙasa, ya ce a dama a koko kullum da safe. Zakaran da kakata ta ba ni kiwo na miƙa masa.

Na yi ta sha, ɗaci kamar maɗaci. Kullum sai na zagaya bayan rumbu na auna damtsena da zare. Zaren bai taɓa ƙaruwa ba. Kaka ta lura, ta dube ni ta ce, "Maigidan, kakanka ma haka ya mutu siriri, kuma ban raina shi ba." Ban ji sanyi ba.

A bayan rumbun ɗan kawun nawa ya same ni. Na jira dariyarsa, ba ta zo ba. Ya karɓi kwalbar ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya dubi nasa hannun.

"Ka ɗan sam min mana," ya ce a hankali. "Ka ga wannan? Ni ai ban kai rabinsa ba."

Na ba shi ragowar. Da lokacin girbi ya yi aka buga gangar kokawa, ya kayar da wani gwanin Auyo da ake tsoro. Gari ya ɗauka maganin ne, samari suka yi ta neman mai kwalabe. Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, har maganin da na saya da zakarana shi ya yi wa aiki, ba ni ba.

Yanzu jikokinmu gwangwani-gwangwani na garin ƙara ƙarfi suke saye, suna ɗaga ƙarfe a gaban madubi, suna gwada kansu da ƙattin cikin waya. Ba na yi musu faɗa. Ɗan kawun nawa kuwa ya tsufa, ya rame, da sanda yake zuwa masallaci. Amma ranar Juma'ar nan da muka gaisa ya matse mini hannu sai da yatsuna suka yi ƙara, na dawo gida ina jin haushinsa.