Bangon da Si Lahdar Ya Ƙi Jini

Duk gabashin Aljeriya babu mai hoton da ya kai Si Lahdar iya ɓoye gini. Shekara talatin yana ɗaukar ɗalibai hoto a jami'ar garinmu, bai taɓa barin laburaren nan na tsurar kankare ya leƙo cikin hotonsa ba. Kurkuku yake ce masa. Sai ya ja ka gindin furanni, ya gyara maka wuyan riga, ya yi ta maka tsiya har ka dara.

Ranar yaye ɗalibai ta bana, wani tsoho, Alhaji Mas'ud, ya rako jikarsa, ya kafe shi sai a jikin bangon laburaren za a ɗauke su.

"Haba Alhaji, ga furanni ka ce sai kurkuku?"

"Bakinka ne kurkuku. Zo ka shafa."

Si Lahdar ya shafa, ya ji layi-layi. Ashe tsohon kafinta ne, su suka kafa katakan da aka zuba kankaren a ciki, shatin kowane katako ya zauna daram. Mako mai zuwa kuma za a shafe ginin da filasta, shi ya sa yake son hoton aikin hannunsa.

Da aka wanko hoton, hasken tsakar rana ya cinye shatin kaf. Abin ya yi wa Si Lahdar ciwo. Kwana uku yana sammako don ya sake ɗaukar bangon, ko gahawa ba ya tsayawa sha. Gefen da tsohon ya nuna inuwa ce da safe, sai ya zaga gabas inda haske ke fito da kowane layi. A ganinsa bango ai bango ne.

Masu filasta sun gama kafin ya kai hoton. Tsohon ya daɗe yana dubawa.

"Ya yi kyau, ɗana. Sai dai ba gefena ba ne. Dubi haɗin nan a karkace, hannun Balkasim ne, abokin aikina, sarkin gaggawa."

Si Lahdar ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsohon ya riga shi.

"Shekara goma sha biyu da rasuwarsa," in ji tsohon, yana share ido. "Har muka rabu ina yi masa gori kan karkatar nan. Wanko min huɗu. 'Ya'yansa huɗu ne, ba wanda ya taɓa ganin aikin ubansa."