Tuƙin Cika Batir

Da maigidana ya yi ritaya daga tuƙin bas ɗin alhazai tsakanin Makka da Madina, sai ya sayi tsohuwar wanet, irin motar da mutanen gida ke kira a-kori-kura. Ya kai ta wajen wani maƙeri a unguwar Hindawiyya nan Makka aka ƙera mata ɗaki a baya. Ɗakin ba wani babba ba ne: katifa, fanka, fitila, da ƙaramin firji. Firjin ne ya fi damunsa, domin yana da ciwon suga, allurarsa kuma ba ta jure zafi. So yake mu riƙa hawa Ɗa'if, garin kan dutse mai sanyi, da rani, ko mu gangara bakin teku, ba sai mun yi ta neman ƙanƙara a hanya ba.

A fitarmu ta farko batir ɗaya ne a motar. Muka tsaya a inuwar wani dutse a hanyar Ɗa'if, muka ci abinci, ya kishingiɗa, firji da fanka na ta aiki. Da la'asar ya murza makulli, motar ta yi ƙas, ta yi shiru. Sai da wani mai ɗauke da tumaki ya tsaya ya jona mana waya daga tasa motar sannan muka tashi.

Bayan nan ya je wajen mai gyaran wutar mota, aka saka batir na biyu a ƙarƙashin katifar, aka ja masa waya mai kauri daga gaba. Tsakanin baturan akwai wani ɗan akwati baƙi. In inji na aiki sai ya haɗa su, dinamo ya riƙa cika su tare. In an kashe sai ya raba su, firji ya sha nasa, na injin ya zauna lafiya. Kusa da sitiyari aka manna ƙaramin allo mai nuna ƙarfin batirin baya. A haka muka yi 'yan shekaru muna tafiye-tafiye. Ni dai nawa zuba shayi ne da miƙa dabino.

Sai idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce sugan ne ya taɓa jijiyar ido, ya hana shi tuƙi. Motar ta zauna a ƙofar gidanmu a unguwar Mansur, tsakanin mai sayar da masa da shagon tela. Batir kuwa in an bar shi a zafin Makka ba a cika shi, lalacewa yake. A hawa na sama muke, ba halin jawo waya daga gida. Ya gwada kunna injin a tsaye, amma allon da ƙyar yake motsi, mai masa kuma ta yi ƙorafin hayaƙi. Babban ɗanmu da ke zaune a unguwar Shisha ya zo ya zagaya da ita 'yan lokuta, daga baya aiki ya riƙe shi.

Ina da lasin tuƙi. 'Yarmu ce ta matsa mini na karɓa bayan an ba matan ƙasar izinin tuƙi, amma ban taɓa wuce kasuwar unguwa ba, kuma a ƙaramar motarta. Wata Alhamis bayan la'asar ya ajiye makullin kusa da kofin shayina.

"Hajiya, sai ke."

"Malam, wannan ƙatuwar?"

"Ke ce ido, ni ne hanya. Yalla, tashi."

Fita daga Mansur ya fi komai wuya. Lungun a cike yake da masu tura kaya da motocin haya, ɗakin bayan kuma ya toshe madubin tsakiya. Ya ce in manta da shi, in dogara da na gefe. Da muka hau babban titin da ya zagaye gari ya ce in ƙara wuta, wai dinamo ba ya ba da abin kirki sai inji ya ɗauki zafi. Can ya tambaya, "Nawa?" Na duba lambar da ke kan allon na ce ta haura sha uku. Ya ce madalla, in riƙe a haka.

Daga nan abin ya zama na kowace Alhamis. Mukan bi hanyar Jidda, mu yi nisa, mu juyo kafin magariba. Ba ya ganin allunan titi, amma daga ƙarar taya yake gane inda muke. "Kin kusa gada, koma dama." In na taka birki da ƙarfi sai ya yi gyaran murya.

A cikin wannan tuƙin ne na ji labaran aikinsa da bai taɓa kawowa gida ba. Ya ba ni labarin wata tsohuwa da ta rasu a bas ɗinsa ana tsakiyar hanya, 'yarta ta lulluɓe ta da mayafi ta ce kada a tsaya, uwarta Madina ta nufa, a kai ta. Ya ce bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Yana gama faɗa ya ce, "Nawa?" Na gaya masa.

Wata rana muna tafe allon ya ƙi tashi daga sha biyu. Muka tsaya a gidan mai. Ya sa na buɗe gaban motar, ya bi wayar da yatsunsa har ya kai kan fiyus, ya zare ya miƙo mini.

"Duba cikinsa. Zaren ya tsinke?"

"Ya tsinke, har ya yi baƙi."

"Akwai wani a aljihun ƙofa."

Na saka sabon da hannuna. Mai zuba man yana tsaye yana kallonmu.

Da rani ya zagayo, ɗanmu ya zo da ma'aikaci suka ɗora farantin sola a rufin ɗakin. Ya hau sama da murnarsa ya ce, "Halas, shi ke nan, Ummi, kin huta. Ko shekara ta yi a tsaye batirin a cike yake." Uban ya sa masa albarka, ya tambayi kaurin wayar da suka yi amfani da ita, ya ce ta yi.

Alhamis ta gaba na tambaye shi ko za mu fita. Ya ce in fara sauka in duba allon. Na sauka, na dawo na ce a cike yake. Ya ce to, ba sai mun ƙona mai ba. Mun ƙara fita jefi-jefi bayan haka, har da wata tafiya bakin teku inda muka wuni, firji na aiki har rana ta faɗi. Sai lokacin aikin Hajji ya zo, hanyoyi suka cushe, muka dakata. Da alhazai suka watse ba wanda ya sake tayar da maganar.

A bara muka sayar da motar ga wani mai fataucin zuma da ke yawo ƙauyukan kudu. Malam ya sauko da sandarsa ya yi masa bayanin baturan, ni na nuna masa inda fiyus yake. Mutumin ya shiga, ya ga kujerar direba a matse da sitiyari, ya ja ta baya.

Yanzu in zan kai shi asibiti, motar 'yarmu nake ɗauka. Hanyar gajeriya ce, yawanci rediyo muke saurare.