Ranar da Motar Kawu Ta Mutu a Kan Layin Dogo

Shekarun da jirgin ƙasa ya yi bai cika zuwa ba sun sa mun manta da shi. A inda titi ya ƙetare layin dogo a Sabon Gari, masu tumatir har kan ƙarfen suke baza kaya, 'yan acaba kuma nan suke jiran fasinja. Sandar da ake saukewa a tare motoci ta daɗe da karyewa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru. Ƙanin mahaifiyata manomi ne a Bomo, yana da tsohuwar akori-kura wadda sau da yawa sai an tura take tashi. Wata Asabar da hantsi ya biyo ta gidanmu da buhunan masara zai kai kasuwa, ni kuma ina son zuwa Muchia barkar wata 'yar cocinmu da ta haihu. Na shiga gaba kusa da shi. Duk hanya labarin damina yake ba ni, yana cewa bana dai zai sake rufin ɗaki.

Da muka iso mararrabar, cunkoso ya tsai da mu. Kawu ya matsa kaɗan don kada wani ya shige gabansa, tayoyin gaba suka hau layi, motar ta yi tari ta mutu. Yana cikin murza makulli muka ji ƙahon jirgi daga nesa. Da farko ba wanda ya motsa. Sai wata mai tumatir ta ƙwalla ƙara, wuri ya yamutse.

"Sauka!" in ji Kawu.

"Kai fa, Kawu?"

"Ki sauka na ce miki, yanzu za ta tashi."

Na sauka, takalmina ɗaya ya tsaya a ciki. Wasu 'yan dako suka kama motar suna turawa baya, amma bas ta toshe bayanmu, direbanta ya riga ya gudu. Suka yi ta buga ƙofa suna cewa, "Baba, fito! Bar ta!" Da jirgin ya matso, su ma suka watse. Ina kallon Kawu ta gilashi, ya sunkuyar da kai yana murza makulli.

Jirgin kaya ne, ba ma gudu yake sosai ba. Na ji ƙarar birkinsa har cikin haƙorana, amma bai tsaya ba sai da ya ja motar nesa. Masara ta watsu ko'ina.

Kafin a ciro shi rai ya yi halinsa. Wani dattijo mai shagon yadi, wanda ban taɓa gani ba, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe shi, ya zaunar da ni a benci yana cewa, "Yi haƙuri, 'yata, yi haƙuri."

Da la'asar ni da fastonmu muka tafi Bomo. Mun tarar da matar Kawu a tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi fasto, ta dubi ƙafata ɗaya da har lokacin ba takalmi, sannan ta ajiye rariyar a hankali.

"Ina kuka baro shi?" ta ce.

Fasto ne ya faɗa mata.