Rigar Injin Yankan Ciyawa

Har gobe ban manta da ranar da na ga inji sanye da riga ba. A lokacin ina bakanike a wani gidan saukar baƙi a nan Daura. Janareto da famfon ruwa da duk abin da ke shan fetur a hannuna suke.

Da damina aka sayo mana sabon injin yankan ciyawa, aka damƙa wa Baba Ilu, mai kula da lambu, dattijo mutumin Baure. Ba a yi mako biyu ba ƙorafi ya fara. Da safe injin zai tashi lafiya, amma da zarar Baba Ilu ya kashe shi ya tafi sallar Azahar, ko zai tsinke igiyar da ake ja a tayar da shi ba zai sake tashi ba sai La'asar. Manaja ya ce ƙarya ce, tsoho ne ke son barcin rana.

Ƙa'idarmu ita ce idan abu ya lalace a kawo mini shago da safe, in duba, in sa hannu a takarda. Sau biyu ana kawo shi. Na duba fetur, na goge fulogi, na wanke kafireto, ja ɗaya ya tashi. Sau biyu na rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. Da wannan sa hannun nawa Manaja ya ba Baba Ilu takardar tuhuma har biyu. A wurinmu ta uku sallama ce.

Rannan Baba Ilu ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce, "Malam Habu, don Allah zo ka gan shi yanzu da zafinsa." Wallahi na so in ƙi, don tuwona na jirana. Kunyar furfurarsa ta sa na bi shi.

Ina isa fili na tsaya turus. Ga inji an lulluɓe shi da riga ta ledar kujerar babur, ja da kore, har da geza! Na ce, "Baba, wa ya yi masa ɗinkin Sallah?" Ya ce Manaja ne ya kira mai ɗinkin kujera, don kada fenti ya koɗe kafin manya su zo dubawa. Na ce to me ya sa ban taɓa ganinta ba? Ya ce, "Ai cewa ya yi a riƙa tuɓe ta in za a kawo maka, kada ka ɓata ta da baƙin mai."

Rigar ta toshe duk ramukan da iska ke shiga. Koyil, abin da ke ba fulogi wuta, sai ya gasu, ya ɗauke wuta har sai ya huce. Na tuɓe ta, muka jira ya sha iska, Baba Ilu ya yi yanka na awa guda, na kashe, na sake ja. Ya tashi.

Na samu Manaja a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, an gano mai barcin ranar. Injin ne, kuma kai ka lulluɓe shi." Ya ce rigar fa mai tsada ce. Na ce ai shi ya sa na ninko maka ita. Ya jawo takardun tuhumar daga durowa ya yayyage, bai ko kalle ni ba.

Na fito ina taƙama, na ce wa Baba Ilu ya ga aikin ƙwararru. Ya ce, "Na gode, Malam Habu. Amma Manaja riga kawai ya ɗinka. Kai ne ka sa hannu."

Ranar tuwon nan bai ciwu ba. Tun daga nan ban ƙara sa hannu a kan inji ba sai na je na gan shi a inda yake aiki, na kuma saurari mai tura shi.