Tambur Biyar na Baba

Jiya ina neman takardar haihuwar ɗiyata a cikin akwati, sai na ci karo da tambur biyar, irin wanda ake manna wa wasiƙa, a naɗe cikin ƙyalle. Na zauna a ƙasa ina kallon su.

Baba baduku ne a Birni, cikin Zinder. Tun da aka tura ni koyarwa Diffa, duk wata sai wasiƙarsa ta iso da ajami, tana ƙamshin jar fata. Yakan lashi tambur, ya yi bisimilla, ya danne shi da babban yatsa har sai ya bar shatin rini a kai.

Zuwana na ƙarshe na tarar kunnensa ya yi nauyi. Muna zaune a zaure, ya miƙo mini ƙyallen nan.

“Uwata, in kin kira salula ba na jin ki, amsawa kawai nake yi. Ki rubuto mini.”

Na yi dariya. “Baba, wa ke zuwa gidan waya yanzu?”

“Ni ina zuwa,” ya ce.

Na ce to, amma na ci gaba da kiran salula, yana ta cewa madalla. Bayan rasuwarsa ƙanena ya gaya mini cewa duk Alhamis sai ya dogara sanda ya je gidan waya ya tambaya ko saƙona ya zo.

Allah ka haskaka kabarinsa. Ka sa ya yafe mini kafin mu haɗu.